Ina Jiran Littafin Ashley Flowers, Amma Ina Tsoron Abin da Za Mu Kwaikwaya



Masu sauraron shirye-shiryen sauti na intanet, wato fodkas, wataƙila sun san Crime Junkie. Ashley Flowers ce ta fara shi a Disambar 2017 tare da ƙawarta Brit Prawat, daga jihar Indiyana ta Amurka. Duk Litinin sai ta ɗauko wani kisan kai ko ɓatan mutum da ya faru da gaske, ta warware shi tiryan-tiryan, ƙawar tana jefo mata irin tambayar da kai mai sauraro za ka yi. Ina cikin waɗanda datarsu ke ƙarewa a kan shirin nan. A 2022 ta fitar da ƙagaggen labarinta na farko, All Good People Here, wanda ta rubuta tare da Alex Kiester, har ya hau saman jerin littattafan da aka fi saya na jaridar New York Times. Na biyun, The Missing Half, ya fito a Mayun 2025, labarin wasu mata biyu ne da kowaccensu 'yar uwarta ta ɓace. Kwafina yana hanya, kuma ɗokin da nake yi ba kaɗan ba ne.

Sai dai ɗokin nawa da sharaɗi. A littafin farko, wata 'yar jarida ce ta koma ƙaramin garinsu, Wakarusa, inda aka kashe wata yarinya 'yar shekara shida tun suna yara. Masu karatu da yawa sun lura labarin ya yi kama da na wata yarinya mai shekarun nan da aka kashe a gidansu a jihar Kolorado a 1996, wadda har yau ba a hukunta kowa a kanta ba. A wurina nan ne littafin ya fi rauni. Duk inda ya jingina da wancan kisan, sai in ji kamar shirin Litinin ne aka sauya wa sunaye. Inda ya yi ƙarfi kuwa shi ne garin: maƙwabta masu fara'a a coci, masu gulma a bayan ido, kowa ya san wani abu amma ba mai son ya fara faɗa. Matar ta taso a arewacin Indiyana, ta san mutanen. Abin da nake jira in gani a na biyun shi ne ko ta saki gawarwakin gaske ta riƙe garin.

Dalilin da ya sa na kawo zancen nan gidan shi ne, rabin da ya fi rauni shi muka fi iya kwaikwayo. Ku tuna farkon 2022, lokacin da aka gano gawar yarinyar nan 'yar shekara biyar a Kano, wadda mai makarantarsu ya sace. Da gangan na ƙi ambaton sunanta. Irin wannan labari idan ya fashe, ko aka ji wani makamancinsa a Inda Ranka da daddare, hannun marubuci yakan yi ƙaiƙayi. Sai ka ga an sauya harafi ɗaya a sunan mamaci, an bar unguwar yadda take, an ƙara wa uwar wani tsohon saurayi don labari ya yi armashi, an fara sakin shafi-shafi a WhatsApp. Alhali iyalan ba su tashi daga zaman makoki ba, kotu ba ta yanke hukunci ba, kuma uwar nan tana da waya kamar kowa. Ɗan jarida idan ya yi kuskure ana iya tilasta masa ya janye. Mu kuwa sai mu fake da cewa ƙirƙira ce. Ita kanta Flowers ba ta tsira daga ƙorafi ba: a 2019 wata 'yar jarida, Cathy Frye, ta zarge su da amfani da bincikenta ba tare da ambatonta ba, suka sauke wasu sassan shirin. Labarin gaske yana da masu shi.

Akwai kuma wani kwaikwayon da ba ya cutar da kowa sai labarin. Shi ne ka ga jami'in bincike a ƙauyen Jigawa yana ɗaukar zanen yatsa, yana tura gashi ɗakin gwaji, sakamako ya dawo washegari. Labarin laifi na Amurka a kan gawa yake tsayuwa: likita ya yanka, ya faɗi sa'ar mutuwa. Mu kuwa wanda ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma dangi kaɗan ne za su yarda a taɓa musu gawa. Wasu na ganin wannan ya rufe mana ƙofar irin wannan rubutu. Ni a ganina nan ne ma dukiyar take.

Bari in ba da misali da inda na sani, Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta masarautar Haɗeja. Dausayi ne da aka sa cikin jerin Ramsar na duniya a 2008, tsuntsaye na zuwa masa daga Turai lokacin hunturu. Idan ruwa ya cika wajen Agusta da Satumba, hanyar da ka bi da babur a bazara sai da kwalekwale. Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a farkon shekarun 1990, zuwan ruwan ya sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai, wani gonarsa ta nutse, wani tasa ta bushe. Masunci, manomin shinkafa, makiyayi da mai saran itace duk ido ɗaya suke sa wa fili ɗaya. A irin wannan wuri dalilin kisa ba sai an aro shi daga fim ba. Iyakar gona da ruwa ya share ta isa. Bashin kuɗin taru ma ya isa.

To a ce an tsinci wani masunci a cikin kacala da asuba. Kowa ya ce ruwa ne ya ci shi, Allah Ya jiƙansa. Mai wankan gawa ne kaɗai ya ga shatin igiya a wuyan hannunsa, kuma ya san mutumin tun yana yaro yake iyo a kogin nan. Ga mai bincikenka nan, ba bindiga, ba katin shaida. Wa zai gaya wa? Mai unguwa surukin wanda yake zargi ne. Ofishin 'yan sanda sai an haye ruwa. Liman yana jira a sa gawa a likkafani, rana tana yi. Dangi sun riga sun ce sun bar wa Allah, kuma wanda ya tayar da magana bayan haka shi ake kallo a matsayin mai neman fitina. Shaidarsa za ta shiga ƙasa nan da awa biyu, kuma shi da hannunsa zai rufe ta. Ban taɓa jin irin wannan matsi a Crime Junkie ba.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai ɗauki wannan fili. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙarshe a ce makiyayi ne ya yi kisan, don mai karatu ya riga ya shirya yarda da hakan. A yankin da ake samun rikicin manoma da makiyaya lokacin girbi, wannan ragwanci ne, kuma zuba fetur ne a wuta. Labarin ma lalacewa yake yi, tunda wanda kowa ya zarga tun shafi na uku ba ya ba kowa mamaki a shafi na ɗari.

Kada kuma wani ya ɗauka sai mun je Indiyana za mu koyi wannan. Tun 1982 Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, kafin su kuma ga Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Laifukan da ke cikinsu na ƙasar nan ne, masu aikata su kuma da Hausa suke tunani. Da yawanmu mun fi sanin sunayen masu kisan Amurka fiye da waɗannan littattafai uku, kuma biyu daga cikinsu ba su da kaurin da zai hana a gama su a mako guda.

Idan kwafin nawa ya iso na karanta, zan kawo muku sharhinsa a nan in sha Allahu. Mai wankan gawar kuma na bar wa duk wanda ya riga ni rubuta shi, sai dai ya fara zuwa ya zauna da masu wannan aiki ya ji yadda ake yi, don kuskure ɗaya a wajen wankan zai sa duk wani dattijo ya ajiye littafin.