Haƙƙin Raha a Dandalin Makaranta

Daga cikin al'adun da makarantun sakandare na ƙasar Faransa suka riƙe, akwai wadda nake ganin ta cancanci malamanmu su yi mata duban basira, ita ce ta ɗora yara a kan dandali su nuna wani ɗan gajeren wasan barkwanci na Moliya mai suna Le Médecin volant, wato likita mai shawagi, wanda duk da shaharar mawallafinsa bai yi suna kamar 'yan'uwansa ba, domin kuwa bayan an nuna shi a Faris a 1659, ba a buga shi ba sai a 1819.

A cikin wasan, dattijo Gorjibus ne ya ƙudura aurar da 'yarsa Lusil ga wanda ba ta so, ita kuwa ta kwanta ciwon ƙarya, saurayinta ya sa baransa Siganaral ya ɗaura rigar likitoci ya zo dubiya da surkullen da shi kansa bai san ma'anarsa ba. Da dattijon ya yi kiciɓis da shi cikin tufafin barantaka, sai Siganaral ya ce ai shi da likitan tagwaye ne. Daga nan fa tilas ya zama mutum biyu, yana dirowa ta taga yana komawa, yana sauya riga da murya, har yana husuma da kansa don ƙarya ta ɗore.

Na san akwai malamai masu ganin irin wannan wargi ne da ɓata lokaci, waɗanda suka fi son wasan da kowace fitowa tasa wa'azi ce, amma a ra'ayina sun yi wa raha rashin adalci. Yaron da zai yi Siganaral ba hadda kaɗai yake buƙata ba, sai da fasaha da natsuwa da sanin daidai lokacin da zai faɗi da lokacin da zai yi shiru, domin idan ya yi jinkirin ƙiftawar ido wajen dirowa, dariyar ta mutu. Abokan wasansa kuma dole su saurare shi su jira shi, wanda tarbiyya ce da allo da alli ba sa bayarwa. Bayan haka, wasan yana tona asirin mai da'awar ilimin da ba shi da shi, da wautar wanda riga ke ruɗa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, mu da muka gaji 'yan kama da tashe, muka kuma san cewa Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni masu ban dariya da hannunka-mai-sanda. Abin da nake roƙo shi ne shugabannin makarantu su keɓe yammaci guda a ƙarshen kowane zango, su bar malamin Hausa ko na Faransanci ya zaɓi gajeren wasa irin wannan, a gayyato iyaye su kalla.