Ƙafafun Ƙaramin Jirgi: A Duba Hoto Kafin a Kashe Kuɗi

Masu haɗa ƙananan samfuran jiragen sama na roba, irin waɗanda Tamiya ta Japan da Airfix ta Ingila ke sayarwa, suna da wata al'ada mai cin aljihu. Da an buɗe kwali, sai a koma intanet neman ƙafafun sauka da tayoyin da wani kamfani daban ya ƙera. Sau da yawa kuɗin nan asara ne.

Gaskiya ne ƙafafun cikin kwali suna da naƙasu. Ana yin su ne ta hanyar ɗura narkakkiyar roba a mazubi, kuma abu mai siranta sosai ba ya fita da kyau. A ma'aunin 1/48, bututun birki mai kaurin santimita 1 yana komawa kimanin milimita 0.2. Shi ya sa kamfanoni kan bar shi, ko su fito da shi manne da jikin ƙafar kamar jijiya. Wannan giɓin ne ya buɗe kasuwa ga Eduard da Aires na ƙasar Cek, da ResKit ta Yukren, da Scale Aircraft Conversions ta Amurka mai yin ƙafafun ƙarfe.

Sai dai kowane kaya da matsalarsa. Ƙafafun farin ƙarfe masu laushi ne, suna iya lanƙwashewa sannu a hankali idan jirgin ya yi nauyi, kuma da yawansu kwafin na cikin kwalin ne kawai. Na rezin suna da kyan gani amma saurin karyewa gare su, ƙurarsu kuma tana cutar da huhu, don haka ake goge su da ruwa. Gam ɗin roba ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa galibi ake amfani da supa gulu, wanda ke bushewa kafin a gama daidaita ƙafa. Ƙafa ɗaya ta karkace kaɗan, fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga ƙasa, aikin wata guda ya lalace.

Abin da ya fi dacewa a fara da shi yana cikin aljihunka. Nemi hotunan jirgin na gaske a wayarka, ka zuƙo wajen ƙafafun, ka ga inda bututu ya bi da inda ya tsaya. Sannan ka feɗe tsohuwar igiyar caja. Siraran zaren tagullar da ke ciki sun yi daidai da bututun birki a 1/72 da 1/48. Ka huda ƙaramin rami, ka ɗiga gam, ka bi hoton. Tayar jirgin gaske kuma tana ɗan bajewa a ƙasa saboda nauyi; goga ƙasan tayar roba kaɗan da sanfefa yana ba da wannan kamar.

Akwai lokacin da sayen ya cancanta. Jirgi mai taya a hanci, kamar B-25 Mitchell, yana buƙatar a cusa masa nauyi a gaba don kada ya zauna a kan wutsiya, kuma ƙafar roba siririya na iya gajiya da wannan kaya. A nan ƙafar tagulla mai ƙarfi tana da amfani. Haka tsohon samfurin da tayoyinsa ba su da zane. Mai firintar 3D ta rezin, irin ta Elegoo ko Anycubic, zai iya zana tayar da kansa a Blender, manhajar da ake samu kyauta.

Ga wanda kayansa ke zuwa daga ƙetare da kuɗin dala da na aikawa, hanyar a bayyane take: ya saka ƙafafun cikin kwali ba tare da gam ba, ya kwatanta su da hoto, ya sayi abin da ya tabbata ya gaza kaɗai.