Jikin Yaro Ba Gonar Gwaji Ba Ce

A makon jiya, bayan an tashi daga aji, wani ɗalibina ɗan shekara 15 ya tsaya ya miƙo mini waya. "Mushe, wannan gaskiya ne?" Bidiyo ne a TikTok, wani matashi yana cewa ƙwayoyi kaɗan ya sha ya sauya jinsinsa, ba ciwo ba wahala. Da na ba abokan aikina labari, ɗaya ya ce zancen Turawa ne, mu bar shi. Wani ya ce bulala ce maganin yaron. Da su biyun nake jayayya a yau, domin shiru da duka duk wuri ɗaya suke tura yaro: hannun mai bidiyo da mai tallar magani.

Bari mu fara da abin da mai bidiyon bai faɗa ba. Sauya jinsi ta hanyar likita mataki uku ne. Akwai allurar tsayar da balaga, wadda ake yi wa yaro a shekarun da ƙashinsa ke ƙarfi, kuma an ga tana rage taurin ƙashi. Akwai sinadarin homon. Mace da ta daɗe tana karɓar testosteron muryarta za ta yi kauri, kuma ba ta komawa ko an daina. Namiji mai shan istrojin yana ƙara wa kansa haɗarin gudan jini a jijiya, wanda kan iya wucewa huhu ya yi kisa. Dukansu suna iya taɓa haihuwa. Sai tiyata. Abin da wuƙa ta cire ya tafi, kuma wanda aka cire wa ƴaƴan maraina ko ƙwan mahaifa zai dogara da magani shekara da shekaru.

Ba malaman zaure ne suka ƙago wannan fargaba ba. A Ingila, Keira Bell ta fara karɓar maganin tsayar da balaga tana da shekara 16 a asibitin Tavistock na Landan, aka cire mata nono tana da 20, daga baya ta yi nadama ta kai ƙara. Ta yi nasara a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2021, amma ƙurar ba ta kwanta ba. A watan Afrilu na 2024, Dokta Hilary Cass, babbar likitar yara, ta fitar da rahotonta bayan kusan shekara huɗu tana bincike, inda ta nuna hujjar amfanin waɗannan magunguna ga yara ba ta da ƙarfi. A wannan shekarar aka rufe sashen na Tavistock. Finlan ta ja birki tun 2020, asibitin Karolinska na Suwidin ya bi baya a 2021.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Manyan ƙungiyoyin likitoci a Amurka suna goyon bayan wannan magani, kuma akwai manya da suka bi hanyar suka ce sun samu sauƙin ƙuncin da suke ciki. Ƙuncin nan gaskiya ne, ba wasan kwaikwayo ba. To amma idan ƙasashen da ke da ƙwararru da ɗakunan awon jini suna gardama suna ja da baya, ina ga yaron Maraɗi? Mun san inda maganinmu ke fitowa. Je ka tasha, ko kasuwar Tibiri ko ta Jiratawa, ka ga faranti a kan mai talla, ƙwayoyi sun sha rana, wasu ba kwali balle takarda. A nan ƴanmatanmu ke sayen maganin ƙiba, fuska ta kumbura su ɗauka lafiya ce. Wanda ya sayar musu da wannan ba zai ƙi sayar wa yaro homon ba. Wa zai auna masa jini? Wa zai lura idan ƙafa ta kumbura?

Ga mai son bulala kuwa, ina da magana biyu. Ta farko, kada mu cakuɗa wannan da lamarin mata-maza, waɗanda aka haifa da halittar da ba ta fayyace ba. Fiƙihunmu ya san su tun tuni, har Muhtasar na Shehu Halil da hukuncin gadonsu ya rufe littafinsa. Su asibiti da sutura suke buƙata, amma a makarantunmu tsokana ke korar su daga aji. Ta biyu, ƴan daudu ba jiya suka zo ƙasar Hausa ba, kakanninmu sun zauna da su a tasha da kasuwa. Kowa yana da ra'ayinsa a kansu, amma ban taɓa ganin wanda duka ya sauya ba. Abin da na gani shi ne yaro ya daina magana da uwarsa, ya bar lakwal, ya shiga mota zuwa Kano ko Yamai inda ba mai ce masa kul.

Na zauna da ɗalibin nan kusan awa guda. Na gaya masa duk abin da na rubuta a sama, na ce kada ya haɗiyi ƙwayar da likita bai rubuta masa ba, na ce ƙofata a buɗe take. Malamai da iyaye, wannan aikin namu ne. Yaron da ya kawo maka tambaya yana ganin girmanka ne. Ka amsa masa da sani da haƙuri, ka jinkirta masa duk abin da ba a iya warwarewa, in damuwar ta yi nauyi ka raka shi wurin likita. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu kunnen sauraronsu.