Allurar Kashe Zafi Bayan Fiɗar Gwiwa

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ne suka ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban ita ce takan tsinke wa samari da 'yan mata wurin wasan ƙwallo, idan suka juya da sauri ƙafa tana kafe a ƙasa. In ta tsinke ba safai take haɗewa ba, sai likita ya yi fiɗa ya dasa wata. Zafin kwanakin farko kuwa mai tsanani ne.

Likitocin Amurka sun daɗe suna ba irin waɗannan yara ƙwayoyi dangin mofin. Amma shan ƙwayoyin nan ya zama annoba a ƙasar, har a shekarar 2017 gwamnati ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kansa. Saboda haka aka ƙara karkata ga allurar da ake yi kusa da jijiyar da ke kai labarin zafi zuwa ƙwaƙwalwa, wurin ya mutu na wajen yini guda.

To, ga inda gardama take. Allurar da aka saba yi a gindin cinya takan kashe zafi, amma fa takan kashe ƙarfin naman cinya tare, har yaro ya iya faɗuwa in ya miƙe. A shekarar 2015 likitocin asibitin Mayo suka ba da labarin cewa yaran da aka yi wa ita, bayan wata 6 cinyarsu ba ta kai ta sauran ƙarfi ba. Waɗansu masu bincike ba su ga wannan bambanci ba, amma maganar ta isa ta sa a yi hattara, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Shi ya sa likitoci da yawa suka sauko da allurar zuwa tsakiyar cinya, inda reshen jijiyar galibi na ji ne, ba na motsi ba. Ita ma ba ta kai bayan gwiwa, sai an haɗa da farasitamol da ƙanƙara.

Lalle ya kamata iyaye su tambayi likita inda zai yi allurar kafin a shiga fiɗa, domin kuwa sauƙin yini guda bai kai ƙarfin ƙafar da yaro zai taka har tsufa ba.