Wasa Ma Sana'a Ce

'Yan'uwa ɗalibai, a garuruwanmu in an ce yaro ya cika wasa, to, an gama zaginsa ke nan. Mu kuwa muna ganin lokaci ya yi da za a sake duba wannan hukunci.

A shekarar 1970 wani Ba'amurke mai suna Gary Gygax, wanda ko sakandare bai kammala ba, ya rasa aikinsa a kamfanin inshora, ya koma gyaran takalma don ya ciyar da iyali. Da dare kuwa yana ƙirƙirar wasanni. A 1974 shi da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, kwafi 1,000 kacal a bugun farko. Mutane kan kewaye tebur, ɗaya ya riƙa ba da labari, saura kowa ya zama wani a cikinsa, jarumi ko ɓarawo, ya faɗi abin da zai aikata, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Yau ana yin wasan a ƙasashe da dama.

To, mene ne baƙo a nan? Tun kaka da kakanni samarin ƙauye kan naɗa sarki da alƙali a bikin kalankuwa, kowa ya riƙe matsayinsa. Ga tashe, ga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ga dara mai gurbi 30. Abin da Gygax ya fi mu da shi ɗaya ne: ya zauna ya rubuta dokoki, ya buga, ya sayar.

Wani zai ce ai wannan caca ce. Ba a zuba ko kwabo a cikinsa. Hukuncin ɗan ludo kuwa a kai wa malamai, in sun hana a shirya wasan ba da shi ba. Caca ta gaskiya tana cikin wayoyin ƙannenmu, tana cinye kuɗin makarantarsu.

Akwai kuma gargaɗi. Arneson ya kai kamfanin TSR ƙara a 1979 kan haƙƙinsa, Gygax ma kamfanin ya suɓuce masa a 1985. Ya rasu a 2008 wasan yana hannun wasu. Wanda duk zai shiga wannan sana'a ya rubuta yarjejeniya tun ran gini, don ran nan ne ran zane.

Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Me zai hana ƙungiyar ɗalibai ta sa gasa, ta tura mu Kurfi da ƙauyukanta mu zauna gaban tsofaffi, mu rubuta dokokin wasanninsu kafin su tafi da su? Daga nan sai mu gina namu a kan labarin Bayajidda, ko yaƙe-yaƙen Katsina da Gobir. In mun yi sake, wata rana baƙo zai buga su, mu saya da tsada.

Allah ya sa mu farga.