Jan Kunne Ga Masu Sauya Wa Mata Sunan Uba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Abare da Anka da Gummi da Bukkuyum, ku sani wata al'ada ta shigo muna ta ƙofar takarda, kuma mun yi shiru.

Wani almajirina ya kawo mini katin ɗan ƙasa na ƙanwarsa. Aka karanta mini, sai na ji an liƙa wa sunanta sunan uban mijinta, an shafe na wanda ya haife ta. Na ce, wa ya yi wanga aiki? Ya ce, mai rubutu ya ce haka Turawa ka yi. To, mu duba abin Turawan tun daga tushe.

Ban yi boko ba, amma na tambayi masana harshensu har na fahimta. Ku ɗauki suna ɗaya sananne a Ingila, John Smith. John shi ne Yahaya, asalinsa Ibrananci, ma'anarsa Allah ya yi alheri. Smith kuwa maƙeri. Ashe Yahaya Maƙeri ke nan, ba wani sirri. Haka Baker mai gasa burodi, Johnson ɗan John. Da farko laƙubba ne irin namu, kamar mu ce Audu Maƙeri ko Garba Mahauci. Wajen shekara ta 1400 laƙabin ya daskare ga mafi yawan gidajensu, ɗa shina gadonsa ko bai taɓa riƙe masaba ba. Sharwood Smith, wanda ya yi Razdan a Sakkwato, ya yi Gwamnan Arewa daga 1954 zuwa 1957, ba maƙeri ne ba. Mutanenmu Mai Wandon Ƙarfe sunka kira shi.

Amma mace ta ɗauki sunan gidan miji, wanga ya fito daga tsohuwar dokarsu, wadda ta mai da dukiyar mace hannun mijinta da zaran an ɗaura aure. Sai a 1870 da 1882 sunka gyara dokar, mace ta mallaki abinta. Su sun yar da dokar, mu mun tsinci ɓawonta muna ado da shi!

Shin mi Shari'a ta ce? Zaidu ɗan Harisa, ana kiransa ɗan Muhammadu, har aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka da umurnin a kira kowa da sunan ubansa. In an hana wa Zaidu jingina ga fiyayyen halitta, wane suruki ne za a jingina wa ɗiyar wani? Nana A'isha ta zauna ɗiyar Abubakar har ta cika. Nana Asma'u ta auri Waziri Giɗaɗo, ba ta gushe ba tana ɗiyar Shehu ɗan Fodiyo.

Wani shi ce, ai takarda ce kurum. Muka ce, takarda ita ka saura bayan shaidu sun mutu. Ranar rabon gona, jikan da ya ga kakarsa da kakansa sun haɗa uba a rubuce, mi zai ce wa alƙali? In an sake ta ta auri wani, uba nawa za ta yi?

Wani kuma shi ce, to Aminu Kano da Shehu Shagari fa? Wanga nisba ce zuwa gari, kamar Buhari da Tirmizi, ba ta ƙaryata haihuwa. Kuma kada wani ya zarce ya ce duk sunan Turanci kafirci ne. John sunan Annabi Yahaya ne a bakin wasu. Abin da munka ƙi shi ne sunan da ka faɗin ƙarya game da uba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in an ce maka sunan ƙarshe, ba su sunan mahaifi ko na kaka. Ka raka matarka da ɗiyarka wurin rajista, ka sa a karanta maka kafin a dangwala yatsa. Wanda anka riga anka ɓata, ya nemi gyara. Limamai su faɗi wanga wurin ɗaurin aure, gaban waliyyai.

Allah shi tsare muna nasabarmu, shi gafarta muna kurakuranmu. Wassalamu.