Mabuɗin Majami'a a Aljihun Mutum Ɗaya

Sanin kowa ne cewa ikkilisiyoyinmu na ƙasar Gwandu da Kalgo ba manya ba ne. Masu bi 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, kuma da yawa daga cikinmu aiki ne ya kawo mu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu bautar ƙasa da 'yan kasuwa. Wasu daga ƙasar Zuru suke, wasu daga Yawuri, wasu kuma daga Filato ko kudancin Nijeriya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a shekarar 1991 zirga-zirgar ma'aikata ta ƙaru, balle da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Wato ɗan'uwan da muke sujada tare da shi bana, baɗi takardar canjin wurin aiki tana iya ɗauke shi.

To, duk da haka dubi yadda muke tafiyar da hidima. A ƙaramar ikkilisiya sau da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da mabuɗin majami'a, shi ne mai littafin baiko, shi yake koyarwa a Makarantar Lahadi, in fasto ya yi tafiya shi zai yi wa'azi. Mukan yabe shi, mu ce wane akwai himma. Lalle akwai himma. Amma ran da aka yi masa canji zuwa Argungu ko Jega, sai a wayi gari ba wanda ya san nawa ne a cikin asusu, ba wanda ya san inda takardar fili take, yara kuma su zo ran Lahadi su yi ta wasa a bakin ƙofa har su gaji su koma gida. A ganinmu wannan ba ƙarancin mutane ba ne ya jawo shi. Rashin raba aiki ne tun mai aikin yana nan.

Laifin kashi biyu ne, kuma bai kamata mu ɓoye ko ɗaya ba. Akwai mu 'yan zaman benci, masu zuwa bayan an share, mu tafi kafin a kwashe kujeru, muna cewa mu baƙi ne, ba daɗewa za mu yi ba. Mutum yakan shekara goma a gari yana faɗin haka. Akwai kuma masu riƙe da aiki waɗanda ba su son a taɓa musu shi. In saurayi ya ce zai taimaka wajen ƙirga baiko, sai a dube shi kamar ya yi zargi. In aka ba yarinya karatun Littafi ta yi tuntuɓe sau ɗaya, shi ke nan ba a sake ba ta. Wannan na biyun ya fi wuyar magani, domin yakan yi kama da aminci.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan. A Fitowa sura 18, Yetro ya tarar da surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuwa, gunaguni ne ya tashi domin ana mantawa da gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas da Filibus. Abin lura shi ne, dukan bakwai ɗin sunayen Helenawa gare su. Mu da muke da masu sujada da Hausa da masu sujada da Turanci a ƙarƙashin rufi ɗaya, ya kamata mu tambayi kanmu ko kowane sashe yana da hannu a cikin kwamiti. Batun kuɗi ma, Bulus bai yarda mutum ɗaya ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa don kada a sami abin zargi. Mutum biyu su ƙirga baiko, su sa hannu, ba cin mutuncin ma'aji ba ne, kāre sunansa ne.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma haka ya nuna. Mutum uku ne suka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 biyu suka rasu, Bingham ya koma gida. Aikin ya kafu ne sa'ad da hannuwa suka yi yawa, ya kuma ɗore domin an miƙa shi ga 'yan ƙasa: aka kafa ECWA a 1954, a 1976 kuma mishan ta SIM ta danƙa mata ragowar ayyukanta. Ko a tarihin garin Gwandu kansa, a 1812 Shehu Usmanu ya raba ɗawainiyar mulki, ya ba ƙanensa Abdullahi yamma, ɗansa Muhammadu Bello gabas. Manomanmu na fadama kuwa ba su bukatar a koya musu gayya, sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muke roƙon dattawan ikkilisiya ba mai tsada ba ne. Kowane aiki a sa masa mutum biyu, babba da mai koyo. A yanka mabuɗi na biyu. A rubuta kome a littafi, a karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a. Zumuntar Mata, waɗanda galibi su ne suka fi kowa tsari da ziyarar marasa lafiya, a riƙa jin shawararsu kafin a yanke magana, ba sai ranar dafa abincin bikin godiya kaɗai za a tuna da su ba.

Ku kuma ɗalibai, ba ku da hujjar cewa ba ku iya ba. A nan makaranta kuna da shugaban sujada, da mai buga ƙararrawa, da jerin masu shara, kuma kowace shekara 'yan ajin ƙarshe suna miƙa wa na bayansu kafin su fita. Zumuntar Ɗalibai Kirista, wato FCS, da aka fara a Gindiri a 1957, a kan wannan tsari take tafiya. Dogon hutu yakan faɗo cikin damina, lokacin da ciyawa take rufe harabar majami'a, rufi yana yoyo, iyaye kuma suna gona. Ran Lahadin farko da kuka isa gida, ku sami fasto ko dattijo bayan an tashi, ku tambaye shi wane aiki ne ba shi da mutum na biyu. In ajin yara ne, ku karɓa, ku kuma ɗauki wani ƙane ko ƙanwa da ba ta tafiya makarantar kwana ta riƙa zama kusa da ku, domin a watan Satumba ku ma za ku tafi.